Yadda Ake Soke Taron Masu Rufa-ido Idan Annoba Ta Sauka

Duk bayan shekara uku masu wasan rufa-ido na duniya suna haɗuwa a birni ɗaya don fitar da gwani na gwanaye. Ƙungiyar FISM, wadda aka kafa a 1948, ita ce ke shirya gasar. An yi ta 2018 a Busan ta Koriya ta Kudu, aka tsayar da cewa ta gaba za a yi ta a birnin Quebec na Kanada cikin Yulin 2021. Korona ta hana, sai da aka ɗage ta shekara guda cur, aka yi ta a Yulin 2022. Taron Blackpool na Ingila, wanda ake yi kowane Fabrairu kuma mutum sama da 3,000 ke halarta, ya sha da ƙyar a 2020, domin an tashi daga shi saura kamar wata guda ƙasar ta shiga kulle. Na 2021 kuwa soke shi aka yi.

Waɗannan mutane 'yan nishaɗi ne, jarinsu saurin hannu da iya karkatar da hankalin mai kallo, ba ruwansu da tsafi. Na ɗauko taronsu ne saboda da wuya a sami taron da cuta ke samun ƙofa a cikinsa kamar nasu, kuma duk wata ƙaya da mai shirya taro zai taka idan ya zo sokewa tana nan a ciki: otal da aka kama, baƙi daga ƙasashe, 'yan wasa da aka ba kafin alƙalami, 'yan kasuwa da suka biya kuɗin rumfa, da masu gasa da suka shafe shekaru suna shiri. Wanda ya iya warware wannan, warware taron shekara na ƙungiyar malamai ko baje kolin littattafai ba zai gagare shi ba.

Sai ka ga yadda ake wasan kafin ka gane girman haɗarin. Mai wasa yana zaune a ƙaramin tebur, mutum goma sha biyu sun kewaye shi kafaɗa da kafaɗa, kowa ya sunkuyo don kada wani motsi ya wuce masa. Ya miƙa wa ɗaya karta ya ce ya cakuɗa. Ya ce wa na biyu ya zari guda, ya ba shi alƙalami ya sa hannu a kai, a nuna wa kowa. Ya ɗora tsaba a tafin hannun na uku, ya naɗe masa yatsun da nasa hannun, ya ce ya hura. Akwai ma wasan da katin da aka sa wa hannu yake fitowa daga bakin mai wasan, a miƙa wa mai shi ya duba. Cikin minti biyar numfashin mutum goma sha biyu ya gauraya, kaya ɗaya ya bi ta hannun rabinsu. A zauren 'yan kasuwa kuma, mai rumfa zai gwada kayan wasa guda ɗaya ga ɗaruruwan mutane daga safe zuwa yamma, kowa sai ya taɓa ya jujjuya kafin ya saya. Idan an tashi daga shirin rana ba barci ake tafiya ba. Falon otal ake cikawa, ana nuna wa juna dabaru har asuba, ƙofofi a rufe. Da yawa daga cikin manyan sana'ar dattawa ne, su ne kuma cutar ta fi yi wa illa. Roy Horn, abokin wasan Siegfried da suka yi suna a Las Vegas, korona ce ta yi ajalinsa ranar 8 ga Mayun 2020 yana da shekara 75.

Don haka idan wani a kwamiti ya ce a yi taron amma a ba da tazara, a tambaye shi wane ɓangare na taron zai rage bayan an ba da tazarar. Wasan kusa ba ya yiwuwa daga nesa. Kada kuma ƙanƙantar taro ta ruɗe ka. A ƙarshen Fabrairun 2020 kamfanin magunguna na Biogen ya tara ma'aikatansa kimanin 175 a wani otal a Boston na kwana biyu. Kusan mutum 100 suka kamu daga wurin. Masana da suka bi sawun ƙwayar cutar suka wallafa a mujallar Science a Disambar shekarar cewa waɗanda suka kamu ta sanadin wannan zama sun kai tsakanin 205,000 da 300,000 kafin watan Nuwamba. Mutanen da suka zo daga wurare daban-daban, wurare daban-daban za su koma, kowa da abin da ya ɗauka.

Babban laifin da masu shirya taro ke yi shi ne jan ƙafa. Kowane mako a ce “muna sa ido a kan lamarin”, alhali a wannan makon wani ya sayi tikitin jirgin da ba a mayar da kuɗinsa, wani ya biya kuɗin biza, wanda ko an soke taro ofishin jakadanci ba zai dawo masa da shi ba, mai rumfa kuma ya loda kaya a jirgin ruwa. Shirun kwamiti kuɗi ne yake fita daga aljihun waɗanda suka amince da shi. Maganin wannan shi ne kwamiti ya zauna tun ranar da aka fara jin ƙishin-ƙishin, ya tsayar da ranar yanke hukunci, ya kuma rubuta abubuwan da idan ɗaya ya faru an fasa: hukuma ta ƙayyade yawan masu taruwa ƙasa da adadin da ake tsammani, ko an rufe iyaka ga ƙasashen da manyan baƙi za su fito, ko an sa dokar killace matafiya, ko asibitocin garin sun cika. A sanar da mahalarta wannan rana, a ce musu kada kowa ya sayi tikiti kafin ta. Ranar ta kasance kafin lokacin da tarar otal za ta hau mataki na gaba, kuma da tazarar da mai tafiya zai iya shiri idan an ce taro yana nan. Amfanin rubuta sharuɗɗan tun da wuri shi ne, ranar da aka zo yanke hukunci, son zuciya da tausayin wahalar da aka sha ba za su yi rinjaye ba. Mutumin da ya yi shekara biyu yana haɗa taro, shi ne na ƙarshe da zai yarda cewa taron ba zai yiwu ba.

Akwai masu ganin fasawa tsoro ne ko raunin tawakkali. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham da tawagarsa, ya ji labarin annoba a can, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'a. Ba wanda ya isa ya ce masa matsoraci.

Amma fa akwai tarko a nan, kuma a kansa nake so a fi tsayawa. Yanke hukunci a cikin kwamiti daban, furta kalmar “mun soke” a bainar jama'a daban. Kafin ka furta, ɗauko yarjejeniyar da ka sa wa hannu da otal ko zauren taro, ka kai wa lauya ku karanta tare layi-layi. Abu uku za ka nema. Na farko, tarar sokewa, wadda yawanci hawa take yi gwargwadon kusantar ranar taro, har ta kai kusan dukkan kuɗin idan an zo gab. Na biyu, alkawarin ɗakuna: otal yakan ba ka zaure da rahusa ne bisa sharaɗin baƙinka za su cika wani kaso na ɗakunan da aka ware, galibi kashi 80 cikin 100, idan ba su cika ba kai za ka biya giɓin. Na uku, sakin layin da ke magana a kan abin da ya fi ƙarfin ɓangarorin biyu, irin su yaƙi, ambaliya ko umarnin gwamnati. Duba ko an ambaci annoba da sunanta, ka kuma duba ko sharaɗin ya ce sai taron ya zama ba zai yiwu ba sam, ko kuwa ya wadatar a ce yin sa ya zama haɗari. Tsakanin waɗannan kalmomi biyu ƙungiyoyi da yawa suka yi asara a 2020. Idan kai ka riga sokewa alhali doka ba ta hana taro ba tukuna, otal zai ce ra'ayinka ne, ka biya tara. Idan hukuma ce ta hana, ko otal ɗin ne ya rufe, nauyin ya sauka daga kanka.

Wannan ne ya sa wasu suka yi ta jira gwamnati ta yi magana, suna barin jama'a cikin duhu. Ban ga laifin wanda ke kare asusun ƙungiyarsa ba, amma akwai hanyar da ta fi jira. Je ka sami manajan otal ido da ido, ko ka kira shi, kada ka fara da wasiƙar lauya. Kada ka ce masa sokewa ka zo yi, ka ce ɗagewa. Shi ma yana kallon ɗakunansa babu kowa, kuma ya fi son ya riƙe kafin alƙalaminka da tabbacin za ka dawo baɗi a kan ya ci tararka sau ɗaya ya rasa ka har abada. Nemi a mayar da kuɗin da ka ajiye kan sabuwar rana, a bar farashin ɗaki yadda yake, a rage kason ɗakunan da ka yi alkawari, domin taron farko bayan annoba ba ya cika kamar da. Duk abin da kuka amince, a rubuta a sa hannu kafin ka fita da sanarwa. Yayin da ake wannan ciniki, ba abin da zai hana ka gaya wa mahalarta gaskiyar da za ka iya faɗa: cewa da wuya taron ya yiwu a ranar da aka sa, ana tattaunawa da masu wurin, kowa ya dakata da kashe kuɗi.

Wajen zaɓen sabuwar rana, kada ka matsa da wata biyu ko uku don kawai zuciya ta yi sanyi. Waɗanda suka ɗage daga bazarar 2020 zuwa kakar shekarar, da yawansu sai da suka sake ɗagewa, kuma ɗagewa ta biyu ta fi ta farko cin mutuncin mai taro. Matakin FISM na tsallake shekara ɗungurungum shi ne daidai.

Inshora kuma, kada ka ɗauka tana bayanka sai ka gani a rubuce. Yawancin inshorar soke taro tana cire cututtuka masu yaɗuwa, sai wanda ya biya ƙari na musamman. Masu gasar tanis ta Wimbledon sun fara biyan wannan ƙari tun bayan cutar SARS ta 2003, shekara da shekaru ba tare da sun ci moriyarsa ba, sai ga shi da suka soke gasar ranar 1 ga Afrilun 2020 inshora ta ɗauke musu kaso mai yawa na asarar. Bikin SXSW na birnin Austin a Amurka bai yi wannan tanadi ba. Hukumar birnin ta soke shi ranar 6 ga Maris, saura mako guda a fara, inshorar masu shirya bikin ba ta ƙunshi annoba ba, suka sallami kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatansu. Suka ce wa masu tikiti ba za a mayar da kuɗi ba sai dai su yi amfani da shi a wata shekara, maganar ta kai su kotu. Idan kana da inshora, sanar da kamfanin a rubuce tun kafin ka yanke hukunci, domin wasu sukan ƙi biya idan ba a gaya musu a kan lokaci ba. Idan annoba ta riga ta bayyana, ba mai sayar maka da kariya daga gare ta.

Sai maganar wa za a fara gaya wa. Bai dace mutumin da ka gayyato daga Japan ko Ajantina ya yi wasa a dandalinka ya tsinci labarin a Facebook ba. Kira 'yan wasa da masu ba da lacca ɗaya bayan ɗaya, sannan 'yan kasuwa, sannan masu gasa da alƙalai, duk cikin yini guda don kada labari ya riga ka fita, sannan sanarwar kowa da kowa. Ka tuna cewa mai rufa-ido ba ɗan albashi ba ne. A makon da ka soke naka, an soke masa bukukuwan aure, wasannin kamfanoni da na jiragen ruwan yawon buɗe ido, har gidan masu rufa-ido na Magic Castle da ke Hollywood ya rufe a Maris ɗin 2020. Wanda ke wasa da tantabaru kuwa, ko da aiki ko babu sai ya ciyar da su. Kafin alƙalamin da ka ba shi, idan asusu zai iya ɗauka, bar masa, a lissafa shi cikin kuɗin baɗi. Abin da ya riga ya kashe saboda kai, kamar jigilar manyan akwatunan wasa, a biya shi. 'Yan kasuwa su ma a ba su zaɓi tsakanin karɓar kuɗin rumfa da riƙe gurbinsu a wuri ɗaya da farashi ɗaya.

Masu gasa suna da nasu haƙƙin da ake yawan mantawa. A gasar FISM wasa ba ya gaza minti biyar, ba ya wuce goma, amma mutum yakan yi shekaru yana goge waɗannan mintuna, kuma sai ya tsallake matakan share fage kafin ya sami gurbi. A rubuta ƙarara cewa wanda ya cancanta bana gurbinsa yana nan. Idan taronka yana da rukunin matasa mai iyakar shekaru, a yi lissafi da ranar farko, kada yaro ya rasa damarsa saboda ya ƙara shekara ana zaman kulle.

Kuɗin rajista amana ne. Ba na ƙungiya ba ne sai an yi taron. Zaɓi uku ya kamata kowa ya samu: a mayar masa da kuɗinsa, ko a ajiye masa zuwa taro na gaba, ko ya bar wani abu kyauta don ƙungiya ta tsaya da ƙafarta. Da yawa za su zaɓi na biyu da na uku idan aka tambaye su da mutunci, amma ranar da ka tilasta musu, ranar za su kira bankinsu su ce a janyo kuɗin, bankin kuma ya ɗora maka cajinsa a kai. Idan an riga an kashe wani ɓangare na kuɗin a kan abin da ba zai dawo ba, ma'aji ya fito da lissafi: ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita, ga abin da ya rage, ga ranar da kowa zai ga nasa. Mutane suna haƙuri da jinkirin wata biyu idan an faɗa musu rana kuma aka cika. Rashin amsa ne ba sa yafewa. A fara da waɗanda suka ce suna cikin matsi. Shi ya sa ake ba ƙungiyoyi shawara tun farko cewa kuɗin rajista ya zauna a asusu na daban har taro ya wuce, kuma wanda ya bi wannan bai sha wahalar mayarwa ba.

Ita sanarwar kanta gajeriya ake so. Layin farko ya ce an soke ko an ɗage, da sabuwar rana in akwai. Sannan dalili cikin jimla biyu, sannan abin da zai faru da kuɗin rajista, sannan ɗakunan otal: shin kwamiti zai soke su gaba ɗaya ko kowa zai soke nasa, da ranar ƙarshe. Ƙara wa matafiya wannan shawara, domin tana ceton kuɗi: kada su yi gaggawar soke tikitin jirgi da kansu. A dokar Amurka da ta Tarayyar Turai, idan kamfanin jirgi ne ya soke tashi, fasinja yana da haƙƙin a mayar masa da kuɗinsa, amma idan shi ya fasa, sau da yawa takardar bashi kawai zai samu. Dogon bayani kan yadda ran kwamiti ya ɓaci, a bar shi zuwa ƙarshe ko a bar shi baki ɗaya. A ware mutum ɗaya mai amsa tambayoyi da lamba ɗaya, kada kowane ɗan kwamiti ya riƙa ba da tasa amsar.

Mayar da taro intanet yana taimakawa, muddin ba a yi da'awar cewa daidai yake da na ido da ido ba, ba a kuma caji kuɗi ɗaya ba. Lacca tana tafiya lafiya ta Zoom, amma a yi yarjejeniya da mai laccar kan ko za a naɗi hoton, domin asirin dabararsa shi ne abincinsa, kuma abin da ya shiga intanet ya fita daga hannunsa. Waɗanda suka yi nasara su ne waɗanda suka ƙirƙiri abin da ya dace da allon. Mai rufa-ido Helder Guimarães ya yi haka da gidan wasan Geffen na Los Angeles daga Mayun 2020: kowane mai tikiti sai a aika masa da ƙaramin akwati gida, kada ya buɗe sai an fara, dabarar ta faru a hannunsa yana zaune a ɗakinsa. An yi ta ƙara wa shirin wa'adi saboda tikiti yana ƙarewa.

Mu ma nan mun ga irin wannan rana. A 2020 ba a yi hawan Sallah a Kano ba, maniyyatanmu ba su sauke farali ba, kuma kwalara, sanƙarau da mashaƙo ba su daina ziyartar garuruwanmu ba. Don haka kai da ke riƙe da ragamar wani taro, ko na mutum ɗari biyu ne, yarjejeniyar da za ka sa wa hannu a wannan shekara kada ka bari ta wuce ba tare da an rubuta annoba da sunanta a ciki ba, tare da haƙƙin ɗagewa ba tara. A takardar rajista ma ka rubuta abin da zai faru da kuɗin mutane idan taro bai yiwu ba. Yanzu da ake zaune lafiya mai otal zai yarda ya ƙara maka wannan layi cikin sauƙi, ka neme shi tun yau.